Saliyo: Aikin Ceto Tsohon Ginin Kwalejin Fourah Bay

A unguwar Cline Town da ke gabashin Firitawun, babban birnin ƙasar Saliyo, daf da tashar jiragen ruwa, akwai wani dogon bene na jan dutse wanda ya shafe shekara fiye da 20 babu rufi. Baƙon da bai san tarihi ba zai wuce shi yana zaton kango ne kurum. Alhali kuwa wannan shi ne tsohon ginin Kwalejin Fourah Bay, uwar jami'o'in boko na Afirka ta Yamma.

'Yan mishan na cocin Ingila ne suka kafa kwalejin a 1827, kuma ɗalibinta na farko shi ne Samuel Ajayi Crowther, Bayaraben da aka kuɓutar daga jirgin masu fataucin bayi. An aza harsashin ginin a 1845, aka kammala a 1848. Daga 1876 kwalejin ta ƙulla alaƙa da Jami'ar Durham ta Ingila, ta soma bayar da digiri. Ka ga ke nan shekara 72 kafin a buɗe ta Ibadan, Fourah Bay ce matattarar masu neman ilimi mai zurfi daga Nijeriya da Gana da Gambiya. Farfesa Kenneth Dike, ɗan Nijeriya na farko da ya shugabanci Jami'ar Ibadan, can ya yi karatu.

Mu ma muna da rabo a wannan gida. Wani Bajamushe malamin kwalejin, Sigismund Koelle, ya zauna da 'yantattun bayi mazauna Firitawun yana rubuta kalmomin harsunansu, har ya fitar da littafin Polyglotta Africana a 1854, wanda a ciki akwai Hausa. Nahawun Barbarci da ya wallafa a wannan shekarar kuwa, daga bakin Ali Eisami, mutumin Borno, ya samo shi.

To, yaya aka yi gida irin wannan ya zama kufai? A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu hukuma ta karɓi ginin, aka kwashe ɗalibai zuwa Mabang. Da yaƙi ya ƙare ba su koma ba, sai aka ba kwalejin sabon mazauni a kan dutsen Aureol, inda take koyarwa har yau. Tsohon ginin ya zama hedikwatar hukumar jiragen ƙasa, daga baya kotun majistare. An dai ayyana shi cikin kayan tarihi na ƙasa a 1955, amma takarda ba ta toshe yoyo. Yaƙin basasa ya ɓarke a 1991, mutanen da suka tsero daga garuruwansu suka fake a ciki. A 1999, shekarar da 'yan tawaye suka kutsa Firitawun, gobara ta cinye rufin da katakon benen, ya rage sai bango.

Firitawun gari ne mai mamakon ruwan sama. Kowace damina ruwa na ratsa bangon daga sama, itatuwa na tsirowa a tsagoginsa, saiwoyinsu na raba dutse da dutse. Asusun adana gine-ginen tarihi na duniya mai cibiya a Amurka ya sa ginin cikin jerin waɗanda ke cikin haɗari a 2006, gwamnatin Saliyo kuma ta gabatar da sunansa ga UNESCO a 2012. Sai a 2021 asusun da hukumar kayan tarihi ta Saliyo suka soma aikin ceto da tallafin gwamnatin Amurka. Matakin farko ba na ado ba ne, na tare bango ne kada ya rufto.

A ganinmu, magina sun san nasu aikin, babban aiki na gaba ne. Abin da ya fara kashe ginin nan ba wuta ba ce, tashin masu gida ne. Ai ko a karkara mun sani, ɗakin da ba a kwana a ciki shi gara ke fara ci. Muddin ɗaliban da ke kan dutsen Aureol ba su sami dalilin saukowa Cline Town ba, ko don lacca ko don bincike, to duk kuɗin da aka kashe jinkirta faɗuwa kawai zai yi. Allah Ya sa wannan karon a gyara, a kuma shiga.