Firij Mai Buɗaɗɗen Gaba da Kasuwancin Kayan Abinci a Ƙasar Haɗejiya

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa shiga manyan kantuna na Kano ko Abuja ya ga wani dogon firij da ake jingina shi da bango, mai kantoci hawa huɗu ko biyar, an jera masa madara, yogot, nama da kayan lambu, ba shi da ƙofa. Mai saye zai miƙa hannu kawai ya ɗauki abin da yake so. Shi ake kira firij mai buɗaɗɗen gaba. Ɗan kasuwar da ke son faɗaɗa kantinsa a Haɗejiya, Malam Madori ko Kafin Hausa, ko ƙungiyar da ta sami rance ko tallafi, za su iya sha'awar sayen irinsa. An shirya wannan bayani ne domin su, da kuma jami'an ƙananan hukumomi masu ba su shawara, domin a san irin kantin da aka ƙera wannan na'ura dominsa, kuɗin da take ci, da abin da ya fi dacewa da yanayinmu.

Yadda na'urar take aiki

Iska mai sanyi ta fi mai zafi nauyi. Saboda haka ne idan aka buɗe murfin firiza irin ta akwati, sanyin yakan kwanta a ciki kamar ruwa a randa. Shi kuwa firij na tsaye da ba shi da ƙofa, sanyinsa zubowa ƙasa zai yi. Domin maganin wannan, masu ƙira sun sa fanka tana huro iska mai sanyi daga wani layin ramuka da ke sama, ta gangaro ta gaban kantocin, sa'annan wasu ramukan da ke ƙasa su zuƙe ta. Wannan shi ne labulen iska, kuma shi yake tsayawa a madadin ƙofa.

Sai dai labulen iska ba ya tsare zafi kamar gilashi. Iskar ɗakin tana cuɗanya da shi dare da rana. Binciken injiniyoyi ya nuna cewa kimanin kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na aikin sanyayawar da irin wannan firij yake yi yana tafiya ne wajen yaƙi da iskar ɗaki da ke kutsowa ciki. Ke nan mafi yawan kuɗin wutar da mai kanti yake biya ba a kan abincin yake ƙarewa ba. Firij mai tsawon mita 2 na wannan samfuri yakan sha wutar da ta ninka ta firizar akwati ta gida sau 10 ko fiye a kowace rana.

Har ila yau, ana gwada mafi yawansu ne a ɗakin da zafinsa yake digiri 25 a ma'aunin Salshiyos, danshin iska kuma kashi 60 cikin 100. Wato tun a masana'anta an ƙaddara cewa za a ajiye su a kantin da yake da na'urar sanyaya ɗaki.

Kasuwarsa a duniya da Nijeriya

Wannan firij ya samu karɓuwa ne tare da tsarin kantin da mai saye yake ɗaukar kaya da kansa, wanda ya shahara daga kantin Piggly Wiggly da aka buɗe a birnin Memphis na Amurka a 1916. Hikimar 'yan kasuwa ita ce, abin da ido ya gani kuma hannu ya kai gare shi ba tare da shamaki ba, ya fi saurin shiga kwando. Daga cikin manyan kamfanonin da ke ƙera shi akwai Hussmann a Amurka, Epta da Arneg a Italiya, AHT a Ostiriya, da kamfanoni da dama a ƙasar Sin. Iri biyu ne: akwai mai kwamfareso a jikinsa wanda ake jonawa da soket kai tsaye, akwai kuma wanda ake girke injinsa a bayan gini a jawo masa bututu. Na farkon ya fi araha wajen saye, amma duk zafin da ya cire daga abinci a cikin kantin yake fesa shi.

Abin lura shi ne, ƙasashen da suka yaɗa shi sun fara ja da baya. A 2012 manyan kantunan Faransa suka ƙulla yarjejeniya da gwamnatinsu cewa za su sanya ƙofofi a kashi 75 cikin 100 na irin waɗannan firij kafin 2020. Daga 1 ga Maris 2021 kuma Tarayyar Turai ta wajabta liƙa takardar da ke nuna yawan shan wuta a jikin firij na kantuna. Dalili kuwa shi ne, sanya ƙofar gilashi kaɗai yakan rage shan wuta da kimanin kashi 1 cikin 3, wani lokaci fiye da haka.

A Nijeriya, masu sayensa su ne manyan kantuna, otal-otal da shagunan gidajen mai na birane. Kamfanin Shoprite ya buɗe kantinsa na farko a Legas a 2005, ya iso Kano a 2014 a rukunin kantunan Ado Bayero, sa'annan aka rufe reshen na Kano a Janairun 2024. Kusan duk waɗannan na'urori shigo da su ake yi, don haka faɗuwar darajar naira daga Yunin 2023 ta ɗaga farashinsu da na kayan gyaransu. Cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 ya ƙara tsadar tayar da janareta, kuma a Afrilun 2024 Hukumar Kula da Wutar Lantarki ta Ƙasa ta ɗaga kuɗin wuta na masu rukunin A zuwa naira 225 kan kowane kilowat na awa guda.

Yanayin ƙasar Haɗejiya

Allah ya albarkaci wannan yanki da fadama. Kogin Haɗejiya, wanda madatsun ruwa na Tiga (1974) da Challawa (1992) suke sarrafa ruwansa, yana shayar da gonakin rani na Auyo, ya bi ta Kiri Kasamma da Guri har dausayin Haɗejiya da Nguru. Daga nan ake samun tarwaɗa, karfasa da ragon ruwa, da tumatir, tattasai, attaruhu, albasa da kankana, ga kuma nonon Fulani makiyaya. Mafi yawan waɗannan kaya ne masu saurin lalacewa, don haka buƙatar sanyi a nan ta gaske ce. Amma akwai abubuwa huɗu da suke hana firij mai buɗaɗɗen gaba biyan wannan buƙata.

Na farko, zafi. A watannin Afrilu da Mayu zafin rana yakan haura digiri 40. A shagon da ba shi da na'urar sanyaya ɗaki, kwamfareso zai yi ta aiki ba hutu, kuma duk da haka kayan da ke bakin kanta ba za su yi sanyin da ake buƙata ba. Iskar fankar sama ko ta ƙofar shago a buɗe ma ta isa ta yaye labulen iska.

Na biyu, wutar lantarki. Firizar akwati da aka cika ta, idan ba a buɗe ba, takan riƙe sanyinta har kusan kwana 2 bayan an ɗauke wuta. Firij mai ƙofa yakan riƙe kimanin awa 4. Shi kuwa buɗaɗɗe, da zarar fanka ta tsaya labulen ya tafi, kayan sun fara ɗumi. Dole ke nan janareta ya kasance a shirye dare da rana.

Na uku, ƙura da danshi. Ƙurar hunturu tana toshe ragar da ke fitar da zafi, ta kuma sauka a kan kaya. Da damina kuwa, danshin iska yana daskarewa a kan bututun sanyi, ya tilasta wa na'urar tsayawa akai-akai domin narkar da ƙanƙara.

Na huɗu, yanayin ciniki. Wannan firij na baje koli ne, ba na sanyaya kaya masu ɗumi ba. Aikinsa shi ne riƙe sanyin abin da ya iso da sanyinsa. Kifin da ya wuni cikin kwale-kwale, ko kindirmon da aka yi tafiyar awanni da shi a rana, ya riga ya fara lalacewa kafin ya iso shago, kuma sanyi ba ya mayar da abin da ya lalace.

Abin da ya fi dacewa da kowane kaya

Hausawa na cewa daidai ruwa daidai tsaki. Kowane kaya da irin sanyin da yake so.

Ɗanyen kifi yana buƙatar ƙanƙara tun daga bakin ruwa, a jera shi hawa-hawa a cikin kula mai ramin fitar ruwa. Wanda za a daɗe ba a sayar ba sai a daskarar da shi a digiri 18 ƙasa da sifili, ko a bi hanyar banda wadda kasuwar kifi ta Haɗejiya ta yi suna da ita. Ga ƙungiyar masunta, injin yin ƙanƙara da kuloli sun fi firij na baje koli amfani nesa ba kusa ba.

Kindirmo, yogot, fura da nono, kunun aya, zoɓo da nama suna buƙatar sanyin da bai haura digiri 5 ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana gargaɗi cewa tsakanin digiri 5 da 60 ne ƙwayoyin cuta suke saurin hayayyafa a abinci. Ga waɗannan, firij na tsaye mai ƙofar gilashi ya wadatar: mai saye yana ganin kaya, sanyi kuma yana tsare. Firizar akwati mai aiki da hasken rana ita ma mafita ce ga ƙauyukan da wutar KEDCO ba ta kai ba.

Tumatir da tattasai ba sa son sanyi mai tsanani. Idan aka daɗe da ajiye tumatir da bai gama nuna ba a ƙasa da digiri 10, yakan ƙi nuna yadda ya kamata, ya rasa ɗanɗano. Busasshiyar albasa kuwa inuwa da iska take so, ba firij ba.

A kan kayan gwari, wannan jiha tana da abin alfahari. Malam Mohammed Bah Abba, wanda a lokacin malami ne a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Jigawa da ke Dutse, ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya a ƙauyukan jihar a shekarun 1990. Ana saka ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Yayin da ruwan yake tsanewa ta jikin tukunyar waje, yana tafiya da zafin ciki. An ba da rahoton cewa yalo yakan kai kwana 27 a ciki maimakon 3, tumatir da tattasai kuma mako 3 ko fiye. Wannan aiki ya sa ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000. Dabarar ta fi aiki a lokacin rani da iska take bushe, wato daidai lokacin kakar kayan lambu, amma ba ta kai sanyin da nama ko kifi suke buƙata.

Domin kaya masu yawa a kasuwa, akwai tsarin ɗakin sanyi mai aiki da hasken rana, irin wanda kamfanin ColdHubs ya fara a 2015, inda ɗan kasuwa yake biyan kuɗin kwana a kan kowane kwandon roba da ya ajiye. Ta haka mutane da yawa suke raba nauyin na'ura ɗaya.

Kafin a biya kuɗi

Wannan bayani ba ya nufin firij mai buɗaɗɗen gaba ba shi da wuri. Kantin da yake da na'urar sanyaya ɗaki, tsayayyar wuta da ciniki mai sauri zai iya cin ribarsa. Wanda ya yi niyyar saye sai ya kiyaye waɗannan:

1. Ya duba farantin da ke jikin na'urar ya ga yawan wutar da take sha a awa 24, ya ninka sau 30, ya ninka da kuɗin wuta ko na mai. Idan, alal misali, an rubuta kilowat 20, to a wata 600 ke nan. Sai ya kwatanta da ribar kayan da zai jera.

2. Ya tambayi iyakar zafin ɗakin da aka ƙera ta domin ta jure.

3. Ya nemi mai labulen dare da ake saukewa bayan an rufe shago, ko wadda za a iya sanya mata ƙofar gilashi.

4. Ya san irin gas ɗin da take aiki da shi. Ana janye R-22 a duniya bisa Yarjejeniyar Montreal ta 1987, kuma gyaran Kigali na 2016, wanda Nijeriya ta amince da shi a 2018, yana rage amfani da irin su R-404A. Sababbin na'urori da yawa suna amfani da R-290, wanda yake kama wuta, don haka sai ƙwararren mai gyara.

5. Ya yi hattara da ta hannu. Tsofaffin firij da kwamfareso suna cikin kayan da Nijeriya ta haramta shigowa da su, kuma araha ba ta ado.

6. Ya tabbatar akwai mai gyara da kayan gyara a kusa, ba sai an jira wani daga Kano ba.

7. A unguwannin da ruwa yake shiga, kamar yadda aka gani a ambaliyar 2020 da 2022, a ɗora na'ura a kan dakali, a kuma ɗaga soket sama.

Nauyin da ke kan jami'ai

Ana kira ga jami'an duba-gari da su riƙa ɗaukar ma'aunin zafi idan sun fita zagaye, su auna kayan da ke bakin kanta, kada su dogara da lambar da na'urar take nunawa. Abin da ya narke aka sake daskarar da shi haɗari ne ga lafiyar jama'a, musamman yara. Malaman gona da jami'an ƙungiyoyin gama kai kuma su taimaka wa masu neman rance wajen lissafin kuɗin gudanarwa na shekara, ba kuɗin saye kaɗai ba. Haka nan, idan ƙaramar hukuma za ta gina ko gyara kasuwa, ya dace a fara da rumfuna masu inuwa, ruwa mai tsabta, wurin yin ƙanƙara da ɗakin sanyi na haɗin gwiwa, tare da kwamitin da zai kula da karɓar kuɗi da gyara.

Masu neman ƙarin bayani za su iya tuntuɓar sashen aikin gona ko na kiwon lafiya a sakatariyar ƙaramar hukumarsu.