Gaskiya ko Jita-jita: Me ɗalibin kiwon lafiya ke nema a ofishin 'yan kwana-kwana?

A Birtaniya, wasu jami'o'i kan tura ɗalibansu sanin makamar aiki a hukumar kashe gobara. Ɗaliban kuwa na fannin da Turawa ke kira occupational therapy ne, wato masu koyon yadda za a taimaki tsoho, ko mai larura, ko wanda ya tashi daga jinya, ya ci gaba da girki da wanka da sauran hidimominsa na yau da kullum. Da yawa idan suka ji haka sai su ce an yi ɓatan kai.

Wasu na zaton mesa za a danƙa wa ɗalibin ya hau tsani. Jita-jita ce. Ba ya shiga wuta, ba ya bin motar jiniya. Wurinsa sashen rigakafi ne.

Akwai kuma masu cewa aikin 'yan kwana-kwana kashe wuta ne kawai. Wannan ma ya tsufa. A Ingila, gobara ba ta kai kashi ɗaya cikin uku na kiran da suke amsawa a shekara. Dokar 2004 ta ɗora musu alhakin wayar da kan jama'a, sannan a 2015 shugabanninsu suka ƙulla yarjejeniya da hukumar lafiya ta NHS da ƙungiyar Age UK kan su riƙa duba lafiyar mai gida idan sun je duba gidansa.

Zancen da ya fi kama da gaskiya shi ne cewa idan an kafa ƙararrawar hayaƙi an gama. Ƙararrawa tana ceton rai, babu ja. Amma kurman da ya cire na'urar jinsa ya kwanta fa? Shi sai an saka masa faifai mai girgiza a ƙarƙashin matashin kai. Tsohuwar da mantuwa ta kama tana iya jin ƙarar ba ta san me take nufi ba. Wanda ba ya iya tashi daga kujera sai da taimako ya ji ya gane, amma ƙafa ta ƙi. Kayan girki ne suka fi tayar da gobarar gida a can, sigari kuwa ta fi kisa, domin sau da yawa mai shan yana zaune ne ko yana kwance, barci ya ɗebe shi. Ga man shafawa na masu ciwon fata, wanda ke jiƙa tufafi da zanen gado ya sa su kama wuta nan take. A 2018 hukumar kula da magunguna ta ƙasar ta faɗaɗa gargaɗinta har ga mayukan da babu farafin a cikinsu. Ga kuma masu tara tarkace har hanyar fita ta toshe, abin da ake aunawa da jerin hotuna daga mataki na 1 zuwa na 9.

A nan ɗalibin ke da amfani. Jami'in kashe gobara ya san yadda wuta ke cin ɗaki. Shi kuwa ɗalibi an koya masa ya tambaya: yaushe Baba ke shan sigarinsa, a wace kujera, bayan wane magani? Ce wa ɗan shekara 80 ya daina shan sigari ɓata baki ne. Abin da ke aiki shi ne bargo mai jure wuta, da mazubin toka mai zurfi, da murhu mai kashe kansa.

Ƙorafin ƙarshe yana da ƙamshin gaskiya: wai horon ba cikakke ba ne tunda galibi babu ƙwararren fannin a wurin. Sa'o'in dai ana lissafa su cikin 1,000 da ƙungiyar masu wannan sana'a ta duniya ta gindaya. Tsarin shi ne jami'in hukumar ya kula da ɗalibi kullum, ƙwararre daga waje ya riƙa ganawa da shi lokaci-lokaci. A ganina wannan ya fi dacewa da ɗalibin da ya kusa kammalawa. Sabon shiga, idan ƙwararren ya yi nisa da shi, zai iya ƙare makonninsa yana rabon takardu da riƙe wa mai kafa ƙararrawa tsani.