Layi ɗaya, shaguna da yawa: yadda ake raba intanet a Dambam

A gefen titin da ya taso daga Azare ya nufi Potiskum, cikin garin Dambam, akwai wani shagon kwamfuta da ba a raba bencin ƙofarsa da samari. A saman kwanon shagon an kafa dogon ƙarfe, an ɗaure eriya tana fuskantar ƙarfen sabis. Daga can waya ta sauko ta shiga rauta, wani ɗan akwati mai fitilu kore da layi guda a cikinsa. Wannan layin shi ke ɗauke da kwamfutocin shagon, da wayar mai kemis na maƙwabta, da ta telan da mata ke turo wa samfurin ɗinki ta WhatsApp.

Rautar ce ke karɓo intanet daga kamfani, ta ba kowace na'ura lambarta ta cikin gida, ta riƙa miƙa wa kowa saƙonsa ba tare da ya cakuɗa da na wani ba. Kwamfutocin shagon an haɗa su da kebul, maƙwabta kuwa da Wi-Fi suke kamawa. Wutar sola ke riƙe da ita, don haka ko an ɗauke wuta aiki ba ya tsayawa.

Larura ce ta haɗa su. Tun daga 2015 JAMB ta mayar da jarrabawarta kan kwamfuta baki ɗaya, duba sakamakon WAEC da NECO da neman aikin gwamnati duk sun koma intanet. Sannan a Janairun 2025 hukumar NCC ta amince kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin 100. Sayen babbar data ta wata ya fi sayen 'yar ƙarama kullum rahusa, sai dai ba kowa ke da kuɗin a dunƙule ba. Shi ya sa ake karo-karo, kowa ya kawo nasa kason a farkon wata.

Abin kamar famfon unguwa yake: idan wani ya jera jarkoki, na baya sai ya jira. Ranar da sakamako ya fito, ɗalibi na zaune ya ƙura wa allo ido, shafi ya ƙi buɗewa, ashe wani yaro ne a bayan shago yake sauke fim. "Oga, sabis ya ɗauke ne?" Mai shago ya duba jerin na'urorin da ke kan rauta, ya ga baƙuwar waya, ya cire ta. Nan take shafin ya buɗe.

Daga irin wannan ne aka kafa doka. Ana sauya kalmar sirri duk wata, kuma wanda aka ba ba ya ba wani. Kallon bidiyo da sauke manyan abubuwa sai bayan isha'i. Kwamfutar da ke ɗauke da hotunan fasfo da lambobin NIN na jama'a ba ta hawa Wi-Fi ɗin da baƙi ke shiga, domin takardun mutane amana ne.

Makarantu da asibitocin karkara da ke garuruwan Dagauda da Jalam za su iya bin wannan hanya. Abin da ake buƙata bai wuce rauta ɗaya da sola da mutum mai amana da zai riƙe lissafi ba. Ya kamata ƙaramar hukuma da ƙungiyoyin ci gaban gari su sa hannu a wannan aiki.