Biza Ba Ta Cikin Lefe: Jan Kunne Ga Angwayen Minna Masu Shirin Cin Amarci a Turai

Akwai wata magana da ke yawo a garin nan duk lokacin da bukukuwa suka kankama, kuma na gaji da jin ta. Wai idan ango ya biya kuɗin yawon jirgin ruwa a tekun Bahar Rum, ko ya shiga ayarin da wani kamfani ke kaiwa Turai, to biza ta shigo cikin cinikin. Wasu ma cewa suke yi jirgin ruwa ba ruwansa da biza, tunda a kan teku za a riƙa kwana. Daga Tunga har Bosso ana ta tura tallar a WhatsApp, ga hoton hasumiyar Eiffel a sama, ga lambar asusun banki a ƙasa. Ƙarya ce, kuma tana cin dukiyar bayin Allah.

Hanyoyin tafiyar uku ne. Ko ango ya shirya komai da kansa, tikiti da otal da jirgin ƙasa; ko su hau katafaren jirgin ruwa mai ɗakunan kwana da abinci, irin na MSC ko Costa, ya riƙa ajiye su gari-gari; ko su bi ayari da ɗan jagora a motar safa. Duk wadda aka ɗauka, ƙofa ɗaya ce ake bi, ita ce bizar Shengen, wadda ƙasashe 29 suka yi tarayya a kanta.

Babu kamfanin yawon buɗe ido da ke bayar da wannan biza, ofishin jakadanci kaɗai ke yanke hukunci. Hatta VFS Global da TLScontact da BLS, inda ake kai takardu, aikinsu karɓar fasfo da ɗaukar hoton yatsu, ba su da ta cewa a kan a ba ka ko a hana ka. To in waɗanda jakadun suka ɗauka aiki ba su da wannan iko, ina ejan mai shago ɗaya da kwamfuta ɗaya ya samo shi? Duk wanda ya ce maka "muna da mutum a ciki", ka riƙe aljihunka. Tun watan Yunin 2024 kuɗin bizar ya koma Yuro 90 kan kowane babba, ban da ladan cibiyar karɓar takardu, kuma in an hana ba a mayar da ko sisi. A shekarar 2024 sama da kashi 40 cikin 100 na 'yan Najeriya da suka nema an hana su. Da biza na cikin kunshin da ake tallatawa, da ba a ga wannan adadi ba.

Batun jirgin ruwa kuwa ya fi ba ni haushi. Jirgin nan ba daga tashar Baro yake tashi ba. Daga Basalona yake tashi, ko Jenowa, ko tashar da ke kusa da birnin Rum, sai ka shiga Sifaniya ko Italiya ta sama kafin ka taka shi. Ba a nan ta tsaya ba: in jirgin zai yada zango a Tunisiya ko Turkiyya, ka fita daga yankin Shengen ke nan, komawa ciki sai da biza mai shiga fiye da sau ɗaya. Wanda ya zo da mai shiga ɗaya ana iya tsayar da shi a bakin jirgi, amarya na gefe da akwatunanta, kuɗi kuma sun tafi. Ingila ma ba ta cikin Shengen, bizarta daban, komai kusancin Landan da Paris.

Mafi muni shi ne ejan da zai ce "kawo, mu za mu gyara takardun". Gyaran nan takardar banki ce ta bogi, ko a zuba wa asusunka miliyoyi mako guda kafin a buga bayanin, ko takardar aiki a kamfanin da ba ka taɓa shiga ba. Jami'in biza ya ga irinta ba adadi. Hoton yatsunka yana cikin rumbun da dukkan ƙasashen ke dubawa, hanin da Faransa ta yi maka Jamus za ta gan shi. Ejan ya ci kuɗinsa, kai aka bari da tabo. Haba jama'a, aure da aka ɗaura da fatiha a fara shi da takardar ƙarya?

Angwayen da ke faɗawa wannan tarko, wasu ganin ido ke kai su, wasu matsin ƙawayen amarya.

Ga mai halin tafiya da guminsa, ga yadda nake ganin zaɓin. Ayari ya fi sauƙi ga wanda bai taɓa fita ba, amma ba a yi shi don amarci ba: a tashe ku da sassafe, ƙasa biyar a kwana goma, ku da baƙi cike da mota, amarya ta dawo da ciwon baya. Jirgin ruwa sau ɗaya ake kwance kaya, abinci kuma yana cikin kuɗin, sai dai araha ba ta ado. Farashin da ke jikin talla na ɗakin ciki ne marar taga. Akwai ladan ma'aikata da ake lissafawa kowane dare, intanet da fita yawo a gari duk kuɗinsu daban. Awoyi kaɗan ake yi a kowane gari, wanda ya makara kuwa jirgi ba ya jiransa. A tambayi batun abincin halal a rubuce kafin a biya, a kuma sani giya da kiɗa da masu wanka rabi tsirara suna ko'ina a saman jirgin. Wanda zuciyarsa ba za ta ɗauka ba kada ya kai 'yar mutane.

Ni dai da ƙanena ne ya tambaye ni, cewa zan yi ya shirya da kansa, ƙasa ɗaya, gari biyu ko uku, mako guda. Sifaniya ta isa misali. Daga Madrid zuwa Ƙurɗuba, garin su Imamu Ƙurɗubi mai tafsiri, bai cika awa biyu ba a jirgin ƙasa mai gudu, ga tsohon masallacin Andalus da aka mayar coci, ga fadar Alhambra a Granada. Tikitin Alhambra yakan ƙare tun da makonni, a saye shi kafin a bar gida. In ana son bayani, a ɗauki ɗan jagora na yini ɗaya a can, ya fi ɗaukar sa na kwana goma.

Shiri kuwa tun kafin a kai lefe ake fara shi. Ana karɓar takardun biza tun saura wata shida a tafi. Hukunci kwana 15 ne a ƙa'ida, amma yana iya kaiwa 45, ban da wahalar samun ranar ganawa. A ƙasar da za a fi daɗewa ake nema, ba wadda aka ce "ta fi sauƙi" ba. Fasfo ya zama yana da sauran aƙalla wata uku bayan ranar dawowa, da shafi biyu da ba a buga komai ba. Inshorar lafiya ta kai Yuro 30,000. Amarya ita ma sai ta je da kanta an ɗauki yatsunta, kuma sunan da ke fasfonta shi za a sa a tikiti, kada zumuɗi ya sa a rubuta sunan miji. Aurenmu da yawa a masallaci ko ƙofar gida ake ɗaura shi ba takarda, to a nemi shaidar aure da wuri, don ita ce hujjar cewa ango ne ke ɗaukar nauyinta. Otal a kama wanda ake iya sokewa kyauta, kuɗin jirgin ruwa ko na ayari kuma kada a cika shi sai an ga a rubuce abin da za a mayar in biza ba ta fito ba. Kamfanin a binciki rajistarsa da ƙungiyoyin harkar tafiye-tafiye irin su NANTA ko IATA, a biya ta asusun kamfani, ba na wani mutum ba.

Amarya mai sa niƙabi ta sani Faransa da Beljiyam sun hana rufe fuska a bainar jama'a tun 2011, Ostiriya tun 2017. Hijabi dai ba laifi a titi. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa a Paris sai wajen ƙarfe goma na dare, sai a san yadda za a tsara magariba da isha. Ranar tafiya kuma kada a dogara da hanyar Minna zuwa Suleja a ce za a kama jirgin dare a Abuja, wanda ya san Lambata ya san abin da tirela ɗaya ke iya yi. A kwana a Abuja.