Ƙungiyar masu suna MacGregor

A Sikotland, masu sunan dangi ɗaya kan haɗu su kafa ƙungiya. Dubi zuri'ar MacGregor. A 1603 Sarki James na Shida ya haramta sunan ɗungurungum, har mutane suka koma amsa Murray ko Drummond don su tsira da rai. A 1774 aka soke haramcin, a 1822 kuma jikoki suka kafa Clan Gregor Society.

Shiga ba wuya. Ka cike fom, ka biya kuɗin shekara, sai a riƙa aiko maka da mujallar dangi, a taya ka bin tsofaffin rajistocin coci, yanzu ma har da gwajin ƙwayoyin halitta. Ga wanda kakanninsa suka ɓuya a bayan sunan aro, kuɗin nan bai tafi a banza ba.