Kiwon Zomo a Gida: Zaɓen Shimfiɗa da Koya wa Ɗan Zomo Wurin Bahaya

Gabatarwa

A ƙauyukan Dambatta, Makoɗa, Bichi, Kunchi, Tsanyawa da Minjibir, inda gona ke haɗe da gona kuma filin kiwo ya yi ƙaranci, zomo na daga cikin dabbobin da suka fi sauƙin ajiyewa. Lungu ɗaya na tsakar gida ya ishe shi, kuma zomanya kan haihu bayan kimanin kwana 31 da barbara. Galibi yara da mata ne ke kula da shi. Sai dai sau da yawa murna kan koma ciki, domin 'ya'yan zomaye kan mutu jim kaɗan bayan an yaye su. Babban abin da ke jawo haka shi ne danshi da ƙazantar wurin kwana. Don haka muka ga ya dace mu yi wa jama'a bayani a kan shimfiɗa da kuma tarbiyyar bahaya.

Dalilin da ya sa danshi ke kisa

Fitsarin zomo yana da kauri da zarni. Idan ya jiƙa shimfiɗa ya kwana, yakan fitar da iska mai yaji wadda ke ƙona hanci da idanu, daga nan sai mura da atishawa. Haka zalika, ƙwayoyin cutar kokisidiyosis, mai kama hanji da hanta, suna fita ne a cikin kashi, amma ba sa iya kama wani zomo nan take sai sun yi kwana ɗaya zuwa biyu ko fiye a wuri mai ɗumi da laima. Ke nan wanda ke kwashe kashi kullum ya datse wa cutar hanya. 'Ya'yan da aka yaye, 'yan mako biyar zuwa goma, su suka fi faɗawa hannunta.

Shimfiɗar da ta dace

Duk abin da aka shimfiɗa wa zomo sai ya ɗanɗana shi, kuma zomo ba ya iya amai. Saboda haka ƙa'ida ta farko ita ce kada a shimfiɗa masa abin da zai cutar da shi idan ya ci.

Busasshiyar ciyawa mai laushi ita ce kan gaba, sai ciyawar shinkafa da aka sussuke, wadda ake samu a wuraren noman rani. Ɓuntun shinkafa da ɓawon gyaɗa suna da amfani a ƙasa, a rufe su da ciyawa, muddin sun bushe sarai kuma babu fumfuna. Harawar wake da ta gyaɗa abinci ne mai daraja da tsada, musamman da bazara; a rataye ta sama zomo ya ci, kada a zuba ta ƙasa ya tattake.

Abubuwan da za a guje wa su ne: garin katako mai laushi, domin ƙurarsa na shiga hanci, tsumma da leda, domin suna toshe hanji, ciyawar da aka yi wa feshin magani, da kuma toka, wadda idan ta haɗu da fitsari sai ta ƙara tayar da zarni. Idan ƙasan keji na waya ne, a sa ɗan allo ko guntun tabarmar kaba a gefe guda, domin waya zalla kan yi wa tafin ƙafarsa gyambo.

A kuma lura da yanayi. Da hunturu a ƙara kaurin shimfiɗa, a kare gefen gabas da arewa daga iska. Da bazara, lokacin da zafi kan kai digiri 40, a rage ta sosai a mai da keji inuwa, domin zomo kan fara galabaita da zarar zafi ya haura digiri 30. Da damina a ɗaga keji daga ƙasa, a riƙa sauya shimfiɗa a kai a kai, a kuma sa ido kan gara da kwarkwasa.

Yadda ake koya masa wurin bahaya

Zomon gida ba jinsi ɗaya ba ne da zomon dajinmu. Asalinsa daga yankin Sifen da Fotugal ne, inda kakanninsa ke zama a ramuka suna keɓe wurin bahaya daban da wurin kwana. Wannan ɗabi'a tana nan a jininsa. Aikin mai kiwo kawai shi ne ya bi ta.

Da farko, a ajiye ɗan zomo a ƙaramin wuri, a zuba masa ido kwana biyu ko uku. Za a ga ya zaɓi kusurwa ɗaya yana yawan fitsari a nan. Kada a zaɓa masa. A bi zaɓinsa.

Na biyu, a sa tsohon faranti mai ɗan zurfi ko gindin jarka da aka yanke a wannan kusurwa. A zuba ɓuntu a ƙasa, ciyawa a sama, sannan a ɗebi kaɗan daga kashinsa da ciyawar da ya yi wa fitsari a sa ciki, domin da wari yake gane wuri.

Na uku, a rataye harawa daidai saman farantin. Zomo kan yi kashi yana cikin cin abinci, don haka wannan dabara ita ce rabin aikin.

Na huɗu, idan ya yi a wani wuri, a kwashe a mayar cikin faranti, a wanke wurin da ruwa da ɗan lemun tsami. Kada a doke shi, kada kuma a ɗaga shi da kunne. Duka tsoro kawai yake koya masa. Sai ya saba sannan a faɗaɗa masa wuri sannu a hankali.

A sani cewa ƙaramin zomo ya fi babba mantuwa, kuma idan ya kai wata huɗu zuwa shida yakan fara warwatsa kashi da fitsari don shata iyakarsa. Haƙuri ake yi. Akwai kuma wani kashi mai laushi, curarre kamar 'ya'yan inabi, wanda yakan fitar ya cinye da kansa. Wannan ba ƙazanta ba ce, abinci ne da jikinsa ke buƙata. Kada a hana shi.

Ribar manomi

A juye faranti kullum, a wanke keji sau ɗaya a mako. A ƙasarmu da ake noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu, taki dukiya ne. Abin da aka juye a tara shi a rami ya ruɓe, a kai gona ko lambu. Ga shi kuma ciyawar shimfiɗa za ta daɗe, tunda kusurwa ɗaya ce ke jiƙewa.

Kammalawa

Idan aka ga zawo, kumburin ciki ko majina, a keɓe zomon nan da nan a nemi ma'aikacin lafiyar dabbobi na ƙaramar hukuma. Idan kuwa zomaye suka riƙa mutuwa farat ɗaya, a gaggauta kai rahoto, domin a shekarar 2020 an tabbatar da ɓullar cutar zubar jini ta zomaye a Nijeriya. Sabon zomo daga kasuwa a ware shi mako biyu kafin a haɗa shi da na gida. Don ƙarin bayani, muna shawartar jama'a da su tuntuɓi malaman gona na hukumar KNARDA ko Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da ke Dambatta. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani.