Me Baƙi Ke Zuwa Kallo a Fadamar Hadeja da Nguru?

A shirinmu na makiyaya da 'yan kasuwar iyaka, masu sauraro da dama sun turo tambaya iri ɗaya: su waɗannan baƙin da ake gani lokacin sanyi a wajen Gashuwa da Nguru, wasu a ƙasa, wasu kan keke, kowa rataye da madubin hango nesa a wuya, me suke nema? Wani ma cewa ya yi ko man fetur suke aunawa. To, ba fetur ba ne. Tsuntsaye suke zuwa kallo. Ga abin da muka tattauna a kai, ga wanda bai samu jin shirin ba.

Fadamar nan tana tsakanin jihar Jigawa da jihar Yobe a Najeriya. Kogin Hadeja da kogin Jama'are ne suke gangarowa, su tarar da ƙasa shimfiɗaɗɗiya mai jigayin rairayi, sai ruwan ya rasa hanya ɗaya, ya bazu cikin ƙoramu da tafkuna. Abin da ya tsira daga nan shi ne ke haɗuwa ya wuce Gashuwa da Gaidam ya zama Komadugu Yobe, kogin da ya raba Nijar da Najeriya a wajen Difa, har ya faɗa tafkin Cadi kusa da Boso. Saboda haka mai noman tattasai a Difa da mai kamun kifi a Nguru, ruwa ɗaya suke sha, ko da ba su taɓa haɗuwa ba.

Wurin da baƙi suka fi nufa shi ne tafkin Dagona, a ƙasar Bade. Yana cikin gandun dajin gwamnatin tarayya na yankin tafkin Cadi, wanda aka kafa a 1991. Akwai kuma gandun Baturiya a Jigawa, da tafkin Nguru kansa. Dukkansu suna cikin jerin fadamun da duniya ta amince a kare a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, wadda aka sa wa hannu a 1971 a wani gari mai wannan suna a ƙasar Iran. Tafkin Nguru ya shiga jerin a 2000, Dagona da Baturiya a 2008. Tun kafin nan ma sunan Dagona ya fita, don Yarima Filif, mijin marigayiya Sarauniyar Ingila, ya je can a 1989.

Wasu tsuntsayen 'yan gida ne, kun san su: dinya, kirinjijiya, zalɓe, jinjimi, kwasakwasa, da balbela da ba ta rabuwa da garke. Gauraka ma akwai, sai dai ta yi wuyar gani yanzu, don an daɗe ana kama ta ana kai wa masu kuɗi su ajiye a gida. Amma abin da ke tayar da mutum daga Turai ya zo har nan shi ne baƙin tsuntsaye. Ƙananan agwagin ruwa da masu dogayen ƙafafu da ke tsintar abinci a bakin laka, a Turai da Rasha suke ƙyanƙyasa. In sanyin can ya kawo jiki, ruwa ya daskare, sai su ɗauko hanya, su ƙetare teku, su ƙetare Sahara. Wannan fadamar tana cikin wuraren farko da suke samun ruwa bayan hamada. Suna fara sauka bayan damina, su yi kaka da hunturu, wajen watan Maris su koma.

Makiyayi ba sai an yi masa dogon bayani ba. Shi ma da rani ya kan bar tudu ya gangara inda ruwa da ɗanyar ciyawa suke, da damina ya koma arewa. Tafiyar tsuntsun nan ke nan, sai dai shi ba ya tsayawa a shingen kwastan ko duwan. Shamuwa kuwa akasin haka take yi: da bazara take zuwa mana, da kaka ta nufi kudancin Afirka.

Yawon kallon ba shi da wani asiri. Da asuba ake fita, ko da la'asar sakaliya, lokacin da tsuntsaye ke kiwo. Ana tafiya sannu a hankali, ba hayaniya, a tsaya nesa a duba da madubi, a rubuta irin da aka gani da yawansa. Inda ruwa ya tare hanya a shiga kwalekwale. Masu keke sun fi son bin hanyoyin ƙauyuka, don keke ba ya korar tsuntsu kamar babur, ko da yake rairayin wajen kan sa mutum ya sauka ya tura. Wanda zai shiga cikin gandu sai ya nemi izinin ma'aikatan wurin, su haɗa shi da ɗan rakiya. A watan Janairu kuma ake ƙidayar tsuntsayen ruwa a ƙasashe da yawa lokaci guda. In kun ga mutane a bakin tafki da littafi suna ƙirga, aikin ke nan.

Yanzu ga inda maganar ta shafe ku kai tsaye. A cikin iyakar gandu doka ta hana kiwo, farauta da saran itace. Mai garken da ya zo daga wajen Maine Sorowa ko Gure bai san inda iyakar ta fara ba, sai ya wayi gari ana maganar tara ko kama dabbobi. Ku tambayi mai unguwa ko arɗo kafin ku sauka. Ni a ganina su ma hukumomi da sauran aiki a gabansu: in an rufe wa dabba mashaya, sai a nuna mata wata, a kuma bar burtali a buɗe. Makiyayi ba ya harbin tsuntsu. Masu zuba guba a ruwa don kifi, da masu ɗana raga su kwashi agwagi su kai kasuwa, su ne ke yi wa wurin illa ta gaske.

Babbar matsalar ma ba daga fadamar ta taso ba, daga sama ta gangaro. An gina madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, duka a jihar Kano. Da can ruwa kan zo da ƙarfi da damina, ya malale ko'ina, da rani ya janye ya bar ciyawa da ƙasar noma. Da aka tare shi, sai malalar ta ragu, ana kuma sako shi kaɗan-kaɗan har cikin rani, ƙoramun ba sa bushewa. Abin da kacalla ke so ke nan. Ciyawar nan ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da makiyaya, wani gari ambaliya, wani garin a ƙasa ba ko ɗigo. A cikinta jan baki ke kwana su fito su afka wa gero da shinkafa, ga sauro, ga dodon koɗin da ke ɗauke da tsutsar ciwon hanta ta shanu. Agwagin da suka zo daga Turai su ma fili suke so, ba duhun kacalla ba. Ranar da kuka ji masu ƙidaya na cewa tsuntsu ya ragu, ku sani mashayarku ce ake magana a kai.

'Yan kasuwa, kada ku ɗauka za a ga cincirindo. Baƙin ba su da yawa, rashin tsaro a arewa maso gabas ya rage su ƙwarai, yawancin masu zuwa yanzu ɗaliban jami'a ne da masu bincike na gida. Amma mai kwalekwale, mai hayar keke, mai abinci da mai tabarmar kaba kan samu ɗan ciniki, kuma yaron da ya san sunayen tsuntsaye da inda suke kwana ya fi kowa samun aikin rakiya. Ɗaukar tsuntsun daji mai rai a ƙetare iyaka da shi kuwa laifi ne a ɓangarorin biyu.

Abu biyu na ƙarshe da muka faɗa a shirin. In kun tsinci tsuntsu da zoben ƙarfe a ƙafa, ba laya ba ce, masu bincike ne suka sa masa lamba don a san tafiyarsa. Ku kai wa ma'aikatan gandun daji. In kuma kun tarar da tsuntsaye da yawa sun mutu a bakin ruwa, kada ku taɓa, kada ku ci, kada ku kai kusa da kaji. Mutanen Magarya ba su manta da murar tsuntsaye ta 2006 ba. Ku sanar da likitan dabbobi mafi kusa.